Takardar da ta ce Malam lafiyarsa ƙalau

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa. Sunana Zuwaira, a Magaria nake zaune, ni ce matar marigayi Malam Ilu mai awo. Ciwon ƙoda ne ya ɗauke shi a farkon daminar bana, bayan jinyar wata uku. Karatuna a aji shida na lakwal, wato firamare, ya tsaya, a yi mini uzuri in rubutun bai yi kyau ba. Na rubuta ne don mazan da ake yi wa gwajin fitsari a wurin aiki shekara-shekara, da matan da ke gidajensu. Akwai abin da na yi da hannuna cikin rashin sani, ba na so wata ta yi shi.

Malam ɗan Dungas ne, aiki ya kawo shi nan. Shekara goma sha ɗaya yana kan sikeli a wani kamfani mai sayen riɗi da wake. Tsaye yake wuni, buhu ya hau, buhu ya sauka, rana a kansa. Ba mai ƙorafi ba ne. In kansa ya sara ko bayansa ya riƙe, sai ya tsayar da mai tallan magani a keke, ya sayi ƙwayoyin nan na ciwon jiki, ya haɗiye biyu, ya koma bakin sikeli.

Kowace shekara kafin a buɗe sayen riɗi, kamfanin yakan ɗauko ma'aikacin lafiya ya duba mutanensa. Wizit suke ce wa abin. A auna nauyi, a ɗaure hannu a duba tansiyo, wato hawan jini, sannan a ba kowa ɗan kofin roba ya zaga bayan magaze, ɗakin ajiyar kaya, ya kawo fitsari. Ma'aikacin yana da wani siririn tsinke na takarda mai ɗigo-ɗigon launi. Ya tsoma, ya ciro, ya duba. In launin bai sauya ba, sai ya buga hatimi ya rubuta kalma ɗaya ta Faransanci, apte, wato ka isa aiki.

Tun kafin Malam ya shiga kamfanin, an ce akwai wani mai dako da tsinken ya nuna sukari a fitsarinsa, da kaka ta zagayo ba a sake kiransa ba. Ko saboda gwajin ne, ko wani dalili ne daban, ba wanda ya tabbatar. Amma maganar ta zauna a zukatan mutane. Daga nan mazan suka ɗauko wata dabara da suke kira wanki. Ranar wizit, daga an sallame asuba mutum zai yi ta ɗura ruwa, ya zaga, ya dawo ya sake ɗurawa, har fitsarin ya fito fari fat kamar ruwan randa. Sun ce fitsari mai ja shi ke jawo wa mutum magana.

Ni ke cika wa Malam bido, wato jarkar ruwa. Har tsamiya nake jiƙa masa a ciki don ruwan ya yi daɗin shiga.

Na tuna wizit ɗin bara. Yana zaune a bakin ƙofa, cikinsa ya yi tsele kamar na mai wata bakwai, na ce, “Malam, za ka fashe mana a tsakar gida.”

Ya ce, “Ƙaro kofi ɗaya, Zuwaira. Habu direba bido guda ya shanye bara, har ma'aikacin ya tambaye shi ko daga famfo ya ɗebo.”

“To shi ma'aikacin bai ce komai ba?”

“Dariya ya yi, ya buga masa hatimi.”

Mu ma muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi. Da yamma ya dawo yana kaɗa takardar a sama, ya ce likita ya ce shi da sabon kamyo, babbar motar kaya, ba su da bambanci, sai dai tansiyo ya ɗan hau, a rage gishiri a miya. Na rage gishiri mako biyu, ya ce miyar ta zama ta masu zaman makoki, na mayar.

Ni ke wanke makewayi, don haka ni na fara gani. Wajen shekara biyu ke nan, inda ya zaga sai kumfa ta taru kamar an zuba omo, kuma ba ta saurin kwanciya. Kunya ta hana ni magana sai sau ɗaya. Ya ce, “Mutumin da ya yi karatun abin ya duba ya ce ba komai, ke da tsintsiya za ki fi shi?” Ban sake tayar da zancen ba.

Da bazara ta shigo bana, wata safiya takalminsa ya ƙi shiga. Ya ce tsayuwa ce. Cikin makon nan fuskarsa ta fara kumbura da safe, idanun su yi ƙanana, zuwa azahar ta sauka. Ya rage cin abinci. Ya ce komai ƙarfe-ƙarfe yake ji a baki. Bai fasa zuwa aiki ba, sai ya yanke igiyar takalmin ya ci gaba.

Mako na biyu mahaifiyarsa, Inna, ta zo daga Dungas da ƙullin saiwoyi a gefen zane. Ta latsa ƙafarsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta ce sanyi ne ya taru, a dafa saiwar a sha safe da yamma. Maƙwabciyarmu ta ce ciwon shawara ne. Wani abokinsa ya ce a bincika, sikeli wuri ne da ake ido a kai, wataƙila an taka masa wani abu. Kowa da nasa, kuma kowa don ƙauna ya faɗa, ban riƙe su da komai ba. Ya sha saiwar kwana tara. Amai ya fara.

Na ce mu je gidan likita. Ya ce, “In je in ce me? Wata biyar ke nan da aka duba ni.” Ya buɗe akwati ya ciro takardun wizit, duk yana ajiye da su cikin leda, ya baza mini a kan gado kamar ni ce ke musu da su. Sai da ya faɗi a bakin sikeli, Habu ya kawo shi gida a gaban kamyo, sannan ya yarda.

Majon da muka samu, wato babban ma'aikacin jinya na gidan likitan unguwa, dattijo ne, Allah ya saka masa. Ya auna tansiyo, ya cire abin, ya sake ɗaurawa a ɗaya hannun. Ya ba mu kwalba ya ce gobe a kawo fitsarin farko na safe, kafin a sha ko kurɓi. Washegari a gabana ya tsoma irin tsinken nan nasu na wizit. Ban gama gyara mayafi ba ɗigon ya rine ya yi kore shar. Malam ya miƙa masa ledar takardun. Ya duba ta sama, ya duba ta ƙasa, ya mayar masa, ya ce, “Malam Ilu, ka tafi Damagaram a ɗebi jininka. Yau, ba gobe ba.”

Mako na huɗu a layi ya ƙare. Layin karɓar kati, layin ɗibar jini, layin jiran sakamako, sannan a ce likitar ƙoda sai Litinin da Alhamis take ganin sabbin marasa lafiya. Mun sauka gidan wata ƴar ƙanwar Inna. Kullum kabu-kabu biyu, ni a kan ɗaya ina waiwaye kada ya sulale daga ɗayan.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, Hausarta ta gida. Ta daɗe tana kallon takardar jinin. Ta ce akwai wani datti da ƙoda ke fitarwa, sunansa kireyatinin, nasa ya taru har ya wuce misali. Ta ce ƙodojin biyu sun ƙanƙance, kuma wannan ba aikin wata uku ba ne, na shekaru ne. Hawan jini ya yi ta cinsu a hankali, ƙwayoyin ciwon jiki suka taya.

Malam ya sake ciro ledar. Muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, “Likita, to waɗannan fa? Shekara goma sha ɗaya.”

Ta karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Da wane lokaci ake karɓar fitsarin?”

“Wajen azahar, in layi ya zo kanka.”

“Kana shan ruwa kafin nan?”

Ni na ba ta amsa. Na gaya mata wanki, da bido, da tsamiyar, ban rage komai ba. Ta ajiye alƙalami. Ba ta yi mana faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Ta juyo wajena ta ce, “Yaya, in kika zuba gishiri cokali ɗaya a kofi, za ki ji shi?”

Na ce zan ji.

“In kika zuba cokalin nan a randa fa?”

Na ce ba zan ji ba.

Ta ce to haka tsinken yake. In ƙoda ta fara lalacewa takan riƙa yoyon wani sinadari na jini cikin fitsari, shi ne ke kawo kumfar da na gani. Tsinken shi yake nema. In an cika fitsarin da ruwa, sai ya wuce bai ji ba. Ta ƙara da cewa ko ba a yi wanki ba, a farkon ciwon yoyon kaɗan ne, tsinken yakan rasa shi, akwai wani gwajin fitsarin da ya fi shi gani wanda sai a ɗakin analiz, inda ake gwajin jini da fitsari, ake yi. Kuma tsinken kansa, in an bar kwalbarsa a buɗe ko ta wuni cikin zafin mota, yakan mutu, ya riƙa ba kowa amsa ɗaya. Sannan ta faɗi maganar da har yau take kaina:

“Tsinken nan ba ya cewa mutum lafiyarsa ƙalau. Abin da yake cewa kawai, ban ga komai a cikin wannan kofin ba.”

Ta sa yatsa a inda aka rubuta tansiyonsa, shekara huɗu a jere yana hawa. Ta ce wannan kaɗai ya isa a tura shi ɗibar jini tun tuni. Da an yi, da ƙwaya ɗaya a rana da barin maganin mai keke sun ja masa shekaru, da yardar Allah.

Na san laifinmu, ba na ɓoye shi. Amma a bar ni in faɗi abin da ke tashin mini zuciya. Mutum ya yi karatu, an ɗauko shi takanas, maza kusan arba'in sun jera masa kofuna, kowanne fari kamar ruwan alwala, shekara da shekaru, bai taɓa tsayawa ya ce me ke faruwa a nan ba. Dariya yake yi. Ya rubuta tansiyo da hannunsa, ya ga yana hawa, ya buga hatimi a ƙasansa. Shi patoro, mai kamfanin, kuma takardu yake so a cikin kabad, don in masu binciken aiki sun zo ya nuna. Ba wanda ya taɓa tara mutanen nan minti biyar ya ce musu, gwajin nan don ku ne, ga abin da yake gani, ga abin da ba ya gani, kuma ba za a kori kowa a kansa ba. Mu muna ruɗin tsinke, su suna ruɗin takarda, ƙodar Malam tana ruɓewa a tsakani.

Mako na shida aka fara wankin ƙoda. Aka sa masa roba a wuya, jininsa ya fita ya bi ta cikin inji ya dawo. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa. Ana so ya samu sau biyu a mako, wani makon sau ɗaya ake samu, in inji ya tsaya sai a ce a dawo. Ba zan lissafa abin da ya tafi ba. Awakina sun tafi, gadon ƙarfena ya tafi, ban yi kukansu ba.

Abin da ya fi wuya shi ne ruwa. Fitsarin ya kusa ɗaukewa, duk abin da ya sha a jiki yake zama, don haka likita ta ƙayyade masa ɗan kaɗan a wuni. Ga zafin Damagaram a tsakiyar bazara. Leɓɓansa suka tsage. Nakan jiƙa tsumma in ɗora masa a baki ya tsotsa. Mai sayar da ruwan leda in ya wuce ta taga yana kira, Malam sai ya juya fuska bango. Ni ma na daina sha a gabansa, sai in fita bayan ɗaki in sha kamar ɓarauniya.

Inna ba ta gane ba. Ta ce, “Wane irin asibiti ne wannan da ake hana mara lafiya ruwa? Ko kafiri ka ba shi ruwa.” Rannan na kama ta tana ba shi a murfin kwano. Na karɓe. Ta ce, “Zuwaira, ɗana ne fa.” Na ce, “Na sani, Inna.” Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba. Daga baya ita ce ke jiƙa tsumman.

Alheri ma mun gani, kada in zama marar godiya. Akwai wata ma'aikaciya a ɗakin injin da takan kira ni a waya in wani bai zo ba, mu yi sauri mu cike gurbin. Akwai wata mata daga Waca da ke jinyar mijinta a gadon kusa, tabarma ɗaya muka raba, in na fita ita ke korar masa ƙuda. Abokan aikinsa sun haɗa abin da suka iya. Habu duk sanda ya kawo kaya Damagaram sai ya biyo, ya zauna ya yi ta ba shi labarin wanda aka ɗora a kan sikeli a madadinsa, wai ko buhun gashin kaza aka ba shi sai ya ce kilo ɗari. Malam yakan yi murmushi. Daga patoro kuwa saƙo ɗaya ya zo a wata ukun nan, a aiko da makullin akwatin sikeli.

Mako na goma, da rana, muna mu biyu, na ce masa in mun koma gida zan gaya wa matan abokan aikinsa abin da likita ta ce. Ya buɗe ido ya ce, “A'a.”

Na ce, “Malam, su ma fa haka suke yi.”

Ya ce, “In magana ta fita, patoro zai ji. Zai kawo mai ɗibar jini, duk wanda aka samu da abu a sallame shi. Mutum arba'in, kowa da iyali. Ni nawa ya riga ya faru. Kada ki tona musu asiri, Zuwaira.”

Ban ce to ba, ban ce a'a ba. Na gyara masa matashi.

Daga nan jiki ya yi ta baya. Robar wuyan ta kawo zazzaɓi. Numfashi ya riƙa yi masa wuya, ba ya iya kwanciya sai a jingine. Ranar wata Talata bayan la'asar, an yi ruwan farko ƙasa tana ƙamshi, Inna tana riƙe da ƙafarsa ni ina riƙe da kansa, ya cika da kalmar shahada. A Dungas aka kai shi, kusa da mahaifinsa.

Ga abin da na koya, da tsada na saye shi. In za a gwada fitsarinka, ka ba da shi yadda Allah ya fitar da shi, na farkon safe ya fi. In an ce ba a ga komai ba amma kana ganin kumfa, ko ƙafa tana kumbura, ko an taɓa ce maka tansiyo ya hau ko kana da sukari, kada ka tsaya a kan hatimi. Ka je da ƙafarka ka ce a ɗebi jini a duba ƙoda. Ciwon nan ba ya zafi sai ya gama aiki. Ke kuma mai wanke makewayi, abin da kika gani kin gani, ki yi ta faɗa har a gaji da ke.

Na riƙe maganar Malam kwana arba'in. Ranar sadaka, maza suna zaune a ƙofar gida, ni ina ɗaki cikin takaba, Inna a gefena. Masu gaisuwa sukan tsaya a bayan labule su yi ta'aziyya su juya. Sai na ji sallamar Habu. Labulen bai kai ƙasa ba, ƙafafunsa kaɗai nake gani. Igiyar takalmin ta nutse cikin nama, idon sawun ya ɓace.

Ya ce, “Allah ya jiƙan Malam, ya ba ku haƙuri.”

Na amsa. Ya juya zai tafi, na ce, “Malam Habu, tsaya. Me ya sami ƙafarka?”

Ya yi ƴar dariya. “Ƙafar direba ce, uwargida. Zama ne. Ni da na ci wizit da lamba ɗaya.”

“Fitsarinka yana kumfa?”

Inna ta dafe ƙirji. “La'ilaha illallahu! Zuwaira, kina cikin takaba kike tambayar namiji wannan?”

Na ce, “Inna, ki yi haƙuri.” Ban ɗauke ido daga ƙafafun ba. Ba su matsa ba. Ana ta hayaniyar rabon waina a waje.

Can ya ce, a hankali, “Tun bara.”

Na gaya masa duka, gishiri da randa, da tsinken da ba ya cewa lafiya, da jinin da za a ɗiba. Na gaya masa Malam ya hana ni faɗa, da dalilinsa. Ya ce, “In aka ji, aikina ya tafi. Ƴaƴana shida.”

Na ce, “Nawa huɗu ne. Ga su can a tsakar gida, ka dube su in za ka fita.”

Inna tana share ido da bakin mayafi. Sannan Habu ya ce, “Wace rana likitar take zama?”

“Litinin da Alhamis. Ka tafi da na farkon safe, a kwalba mai tsabta.”

Ranar Alhamis ya tafi. An riƙe shi, an ɗora shi a kan magani, likitar ta ce ƙodarsa da saura. Ko kamfanin zai kira shi in kaka ta zo, ban sani ba, shi ma bai sani ba.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya sanyaya masa makwanci, ya sa ya yafe mini wannan magana ɗaya da ban riƙe masa ba.